Kwalbar da Muka Ɗauko Daga Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. In na shiga kasuwa a tare ni, in na je gidan suna a ja ni gefe: "Sista Binta, wai da gaske mata ne ke tuka babur a can? Wai burodinsu sai an sa guduma?" Da farko ina amsawa da dariya in wuce. To, an kai matsayin da ake cewa na je ƙasar waje na dawo ina jan aji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta bar ni in sha ruwa. Sai dai wadda take jiran labarin daɗi zalla ta yi haƙuri, don ba shi na kawo ba.

Ga wadda ba ta san ni sosai ba, ni ungozoma ce, haifaffiyar Limawa a nan Minna, jikar ma'aikacin jirgin ƙasa. Bayan na ajiye aikin gwamnati, mutanen wani ƙauye da ke bayan Beji suka nemi in riƙe musu ɗan asibitin da suka gina da hannunsu. Gbagyi ne manoman doya, Kirista da Musulmi gida ɗaya, tukunya ɗaya. Muna da gadon haihuwa, muna da ma'auni, muna da ruwa. Abin da ba mu da shi shi ne kwalba, akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa jaririn da ya zo kafin lokacinsa. In aka haifi bakwaini, sai in naɗe shi da auduga da zani, mu shiga mota mu nufi Minna muna addu'a. Wasu suna kaiwa. Wasu kuma a hannuna suka yi sanyi kafin mu ga fitilun Bosso, kuma ban manta fuskar uwar ko ɗaya ba.

Ana nan sai Yohanna ya bugo waya. Ɗan garin ne, yana Turai yana aiki a wani asibiti, shi ke tura marasa lafiya a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan. Ya ce ya samo mana kwalba har biyu, da gadaje, da wasu kayan, duk kyauta. Ya cusa su a wata tsohuwar mota ya sa a jirgin ruwa zuwa Kwatano, inda yake da aminin da zai karɓa. Ranar da labarin ya iso, mahaifiyarsa Mama Saraya, tsohuwar da ta ba saba'in baya, ta taka rawa a ƙofar asibiti har ɗankwalinta ya faɗi. Ƙungiyar gari ta sayar da doya ta sa mana wutar sola, aka share ɗaki guda aka yi masa fenti, har da sabon labule. Aka ce ni zan je in ɗauko, tunda ni na san kayan, kuma Ndagi zai raka ni.

Ndagi Banufe ne mutumin Bida, tsohon direban babbar mota, yanzu shi ke kai mana marasa lafiya Minna. Ya shekara talatin yana ce mini "kai", na gyara shi har na gaji na bar shi da Allah. Mutum ne da bakinsa ba ya rufuwa sai in yana barci, kuma ko a nan ban ba da tabbaci ba.

Hanyar Bida kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Tankoki sun yi layi, direbanmu ya sauka daji yana ratsa gonakin mutane, ni kuma ina riƙe da ƙuguna ina tuna shekaruna. A Jebba na sayi soyayyen kifi na ajiye a gefe in ci in mun huta. Da na waiwayo sai ƙaya. Ndagi ya ce ya ga kifin yana kallonsa ne, shi kuma ba ya son wulaƙanta baƙo. A Ilori muka ci amala da miyar da take da santsi kamar kuɓewa, barkonon kuwa ya sa na zubar da hawaye a gaban jama'a. Mai abincin ta tausaya mini ta ƙara mini nama, ta ɗauka wani nawa ne ya mutu.

Legas ba ta yi mini ba. Na shiga mota na yi sallama, na gaida na dama na gaida na hagu, ba wanda ya ɗaga kai. Wata mata ma ta janye jakarta ta rungume. Ndagi ya raɗa mini, "Sista, a nan in ka gaida mutum, ya san abu kake nema." Daga nan na kama bakina har muka kai iyaka.

A kan iyaka na sha kunyar da ban shirya mata ba. Takardun tafiya sun cika, amma katin rigakafi na bar shi a Minna cikin aljihun wata jaka. Wata ma'aikaciyar lafiya da na girmi uwarta ta zaunar da ni a benci, ta yi mini wa'azi a kan amfanin rigakafi, a hankali, kamar tana magana da wadda ba ta taɓa ganin asibiti ba. Ni da na tsufa ina tsira wa mutane allura. Na so in ce mata wani abu, sai na ga gaskiyarta, na miƙa hannu. Hannunta da nauyi, Allah ya shirye ta. Ndagi bai bar maganar nan ba har muka shiga Kwatano.

Mai masaukinmu shi ne aminin Yohanna, Alhaji Idi, mutumin Tawa ta Nijar, dillalin motoci da ya daɗe a unguwar Zango. Da muka shiga Zango sai na ji kamar ban bar gida ba: ga mai shayi, ga mai tsire, ga Hausa ta ko'ina, sai dai tasu ta mutanen yamma ce, sai na kasa kunne sosai. Matarsa Hajiya Ramatu ta bar mini ɗakinta ta koma na yara. Na ce ba za a yi haka ba, ta ce a gidansu baƙo ba ya gardama.

To, amsar tambayoyinku. E, mata na tuka babur, da zani da ɗankwali da hular kwano a sama, wata ma da goyo. Hajiya Ramatu da kanta ta ɗauke ni zuwa kasuwa, na riƙe ta kamar zan karya mata haƙarƙari, ina karanto duk addu'ar da na sani. Burodin kuma dogo ne kamar taɓarya, bayansa da tauri, cikinsa iska. Ba ya buƙatar guduma, amma mai haƙoran roba ya yi hankali. Suna cin wani abu kamar agidi da kifi da jajjage, ya yi mini daɗi ƙwarai. Da rana tsaka kuma ofisoshi da yawa rufewa suke yi, kowa ya tafi gida ya kwanta, ko da kai baƙo ne mai sauri. Abin da ya fi burge ni shi ne motar shara da take bi layi-layi, mata su fito da kwandunansu ba tare da an yi faɗa ba. Na tuna kwatar bayan gidanmu a Limawa.

Sai dai tsabtar ta cikin gari ce. Ranar da Alhaji ya kai mu inda kayanmu suke na ga ɗaya fuskar. Fili ne a bayan gari, motocin Turai jere iya ganinka. Da yawansu an liƙe ƙofofinsu da walda tun daga can, sai an zo nan a yanka. In aka yanka, abin da ke ciki ya zubo: talabijin, firji, tukunyar gas, katifa, takalma ƙafa ɗaya. 'Yan kasuwa su yi caa a kai, kowa ya zaɓi nasa. Abin da ba wanda ya ɗauka a tura shi bayan katanga. A can wasu maza ke ƙona wayoyin wuta don su ciro jan ƙarfen ciki, hayaƙin baƙi ƙirin, yana kama maƙogwaro. Na ji ɗayansu yana tari irin wanda in na ji shi a asibiti nake cewa a kwantar da mutum. Na tambayi Alhaji ko hukuma ba ta hanawa. Ya ce, "Ana hanawa, Sista. Su tashi nan su koma can."

Aka yanka motar Yohanna. An naɗe komai da tsofaffin katifu da barguna. Aka fito da gadaje, da keken guragu, da kwamfutoci masu ƙaton ƙeya, da kwalaye, da wasu batura masu nauyi. Sannan aka sauko da kwalaben nan biyu. Wallahi da na gan su murna ta cika ni. Farare, gilashin ba tsaga, ga 'yan tagogin da ake sa hannu. Na shafa ɗaya kamar ina shafa kan yaro.

Da na zagaya baya in ga inda ake jonawa, sai na ga an yanke wayar wutar, saura ɗan guntu kamar yatsa. Na duba ɗayar, ita ma haka. Na duba wani firji da ke cikin kayan, haka. Yankan kuma mai kyau ne, na almakashi, ba na ɓera ba.

Na ce, "Alhaji, me ya sa aka yanke wayoyin?"

Ya ce, "Ai bakin soket ɗinsu ba irin naku ba ne. In kun je gida mai gyara zai sa muku naku. Ƙaramin aiki ne."

Zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya kamata shi ne in ce a kira mai gyara nan take, a ɗaura waya, a jona in gani. Amma mutumin nan ya sauke mu, ya ciyar da mu, ya bar kasuwarsa yana yawo da mu, ko sisi bai karɓa ba. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ina cikin wannan tunani sai ya miƙo mini wayarsa, ga fuskar Yohanna a ciki, sanye da rigar sanyi, yana dariya har kunne. "Mama Sista, kin gan su? Sun yi?" Yaron da na san irin wahalar da ya sha kafin ya biya kuɗin jirgi. A gidanmu an koya mana ba a juya kyauta a gaban mai ita. Na ce, "Sun yi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Motar kanta a can ta tsaya, don dokarmu ba ta yarda a shigo da mota ta iyakar ƙasa ba. Aka ɗora kayan a motar kaya, muka yi sallama. Hajiya Ramatu ta cika mini jaka da man kaɗe da burodin nan nasu, muka rabu da hawaye kamar mun shekara tare.

Ba zan faɗi ta wace iyaka muka dawo ba, kuma ba zan faɗi sunan mutumin da zan ba ku labarinsa ba, don kada in jawo masa magana. 'Yan kwastan sun duba takardun sadaka suka ce mu ƙarasa wurin jami'in muhalli. Ni ban ma san akwai irinsu a iyaka ba. Dogon mutum ne siriri, zai yi shekara arba'in da wani abu, mai magana a hankali. Ya hau motar da kansa, ya ɗaga barguna, ya daɗe a bayan kwalaben. Da ya sauko ya sa aka kawo mini kujera.

Ya ce, "Hajiya, kin jona su da wuta da hannunki?"

Na ce, "Na gan su da idona."

Ya yi murmushi, don ya gane ban amsa ba. Ya ce, "Bari in gaya miki abin da na sani. A can Turai, in asibiti ya yanke hukuncin cewa na'ura ta gama aiki, sai a yanke mata waya don kada wani ya yi kuskuren jona ta ga mara lafiya. Kuma a ƙasarsu zubar da irin wannan ba kyauta ba ne, biya ake yi, da tsada. To in wani bawan Allah ya zo ya ce yana so zai aika gida, ai sun samu wanda ya ɗauke musu kaya. Har godiya za su yi masa."

Na ce, "Yaron nan ba zai aiko mana da shara ba."

Ya ce, "Ban ce ya sani ba. Yawancinsu ba su sani ba. Dokarmu ba ta hana tsohon kaya ba, Hajiya, matacce ta hana. Ga abin da zan yi miki. Ku bar kayan a nan, in kira mai gyara ya gwada a gabanki. Wanda ya tashi, ku tafi da shi da albarkata. Wanda bai tashi ba, mu rubuta a mayar wa wanda ya aiko, shi da waɗanda suka ba shi su san yadda za su yi. Amma in ya wuce ƙofar nan, ya zama naku. Ba mai karɓarsa kuma."

Maganarsa ba ta da aibu ko ɗaya. Amma ni abin da na ji kawai shi ne "a mayar wa wanda ya aiko". Na hango takarda ta isa wurin Yohanna da sunansa a kai, an ce ya aika wa garinsu shara. Na hango Mama Saraya da ta yi rawa a gaban jama'a. Na hango ɗakin nan mai sabon fenti. Sai na fara roƙo. Na ba shi labarin jariran da suka yi sanyi a hannuna, kuma ba ƙarya na yi ba, hawayen ma na gaske ne. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Saboda su ne nake cewa a gwada."

Duk wannan Ndagi na tsaye yana kallonsa, ya karkata kai kamar mai sauraron inji. Can ya ce, "Yallaɓai, wannan Hausa naka, na ina ne?"

Mutumin ya ce, "Katsina."

Ndagi ya tafa hannu. "Sista, ka tashi mu tafi. Ashe bawana ne."

Kun san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa, tun kaka da kakanni. Kowa na cewa shi ne ubangidan ɗaya, kuma duk abin da abokin wasa ya yi maka ba ka da ikon fushi. Kafin in ankara Ndagi ya zagaya ya zauna a kujerar mutumin, ya ɗauki hularsa daga kan tebur ya kifa a kansa, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Tun yaushe bawa yake tsare kayan ubangidansa? Kai, kawo mini ruwa. Ka bar gida ka zo bakin teku kana wahalar da iyayen gidanka."

Jami'in ya yi ƙoƙarin daurewa, amma dariya ta ci ƙarfinsa. Ya ce, "Banufe, ku da ba ku san komai ba sai kifi da tabarma, me ya haɗa ku da kayan asibiti?" Nan suka shiga yi wa juna tsiya. Abokan aikinsa, Yarbawa da Ibo, suka taru suna tambayar me ke faruwa, aka fassara musu, su ma suka kama dariya. Ina ganin mutumin ya daɗe bai ga wanda zai yi masa wasan gida ba, don idonsa har ya kawo ruwa. Da wasan ya yi nisa, Ndagi ya sauke murya ya ce, "To na roƙe ka a gaban mutane. Ka kunyata ubangidanka?"

Dariyar ta bar fuskar jami'in a hankali. Ni ya kalla, ba Ndagi ba, kamar yana jira in ce a'a, a gwada ɗin. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin mayafina. Ya karɓi hularsa, ya buga hatimi, ya miƙo takardar. Ya ce, "Allah ya sa ni ne na yi kuskure, Hajiya." Ko kwabo bai nema ba, kuma ba mu ba shi ba.

A hanyar dawowa Ndagi ya yi ta ba da labarin yadda ya ci Bakatsine da yaƙi, a kowace tasha sai ya ƙara masa gishiri. Ni kuwa burodin Hajiya Ramatu ma kasa cinsa na yi.

Tarbar da aka yi mana ba a magana. Tun daga Beji 'yan acaɓa suka yi mana rakiya suna hon. Matan coci da matan Islamiyya suka haɗu suna guɗa, mai gari ya yanka akuya, aka yi tuwon doya. Mama Saraya ta rungume ni ta ce, "Kin je kin dawo mana da mutuncinmu." Aka shigar da kaya ɗakin fenti, aka kulle, aka ba ni makulli.

Bayan an watse na ɗauko mai gyaran kayan asibiti daga Minna, wanda muka yi aiki tare shekaru. Ya ɗaura waya ya jona ta farko, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Ta biyu ta kawo wuta, fanka ta juya, har na fara hamdala. Muka jira ɗumi, shiru. Da ya kwance ƙasanta sai ga gurbin abin da ke kawo ɗumin, fanko, an cire shi tun can. Ya ce kamfanin ya daina yin irinta tun tuni, ko a Legas ba za a samu kayanta ba. Safar hannun da ke kwalaye kuwa, kana sa yatsa take yagewa. Baturan sun fara tsiyayar wani ruwa da ya cinye simintin ɗakin. Kada in yi butulci: gadaje biyu masu kyau ne, muna amfani da su, keken guragun ma wani dattijo na kai.

Na gaya wa mai gari gaskiya. Ya ce a bar kaza cikin gashinta. Aka ce wa mutane ana jiran wani ƙarfe daga Legas. 'Yan gwangwan sun ji ƙishin-ƙishin sun zo saye, mai gari ya ce ba za a sayar da kyautar Yohanna uwarsa na raye ba. Na je ofishin muhalli a Minna in ji ko akwai inda ake kai irin wannan. Wata mata mai kirki ta ce mini in dai kada mu ƙona, kada mu binne kusa da rijiya, za su duba. Haka ɗakin da aka yi wa fenti don jarirai ya zama ɗakin da nake hana yara zuwa kusa da tagarsa. Ndagi kuma ya daina ba da labarin Bakatsine. Wata rana muna hanya ya ce mini, "Sista, wasa na kakanni ne na kashe a kan bola."

Da damina ta yi nisa, wata safiya aka kawo mini matar ƙanin Yohanna tana naƙuda, cikin bai kai wata takwas ba. Ta haifi mace, 'yar mitsitsiya, tana numfashi da ƙyar amma tana yi. Ina cikin naɗe ta sai ga Mama Saraya a bakin ƙofa, ta ce, "Sista, kawo makulli in buɗe miki ɗakin. Ko ƙarfen bai zo ba, a sa ta haka, ya fi hanya."

Ba ni da sauran wurin ɓuya. Na ce, "Mama, kwalbar ba ta aiki. Ba za ta taɓa yi ba. Babu wani ƙarfe da ke zuwa."

Uwar jaririyar na zubar da jini, ba za ta iya riƙe ta ba, sai tsohuwar ta kwance zaninta na sama ta ce in ɗora mata ita a ƙirji, fata da fata, in ɗaure. Haka muka shiga motar Ndagi, ruwa na zuba, shi kuma bai ce uffan ba har Minna. Allah ya taimake mu muka kai da ranta, aka samu kwalba a babban asibiti. Yarinyar tana nan, ta fara zama.

Bayan an sallamo su Mama Saraya ta zo asibiti ita kaɗai, ta ce in buɗe mata ɗakin. Warin baturan ya tarbe mu. Ta tsaya tana kallon kayan ɗanta, ta daɗe, sannan ta tambaye ni tun yaushe na sani. Na ba ta labarin iyaka duka, da abin da Bakatsinen ya ce, da abin da ya nemi a yi, da yadda na ƙi.

Ta ce, "Da an mayar masa, me zai faru?"

Na ce, "Zai ji kunya, Mama. Ke ma haka."

Ta ce, "Zai ji kunya, ya koma wurin waɗanda suka ba shi ya yi musu rashin mutunci, ya nemo mai rai. Na san abin da na haifa. Yanzu kin bar shi a can yana gaya wa mutane ya kai wa garinsu kwalba, ga 'yar ƙaninsa a ƙirjina ta je Minna."

Na ce, "Ke na duba, Mama. Ban so a yi miki dariya ba."

Ta juyo ta kalle ni, ba da fushi ba, da na fi son fushin. Ta ce, "Sista, 'ya'ya uku na binne a bayan ɗakina, duk ba su kai wata tara a ciki ba. Wace kunya ce kika ga ba zan iya ɗauka ba?"

Ta gyara zaninta ta fita. Na tsaya da makulli a hannu.